Filin Edgbaston a idon mai riƙe littafi

Aikina riƙe littafi ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina rubuta shiga da fita a shagon wani Alhaji mai sayar da shadda da atamfa a kasuwar Balogun, kuma daga ɗakina na Obalende da ƙafa nake zuwa. Hanyar takan bi da ni ta gefen Dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu ranar 1 ga Oktoba, 1960. A jikin dandalin akwai wani fili mai ciyawa da ake buga kurket, wasan da wani ke jifan ƙwallo, wani ya buge ta da katako ya yi gudu don cin maki. Na fi shekara biyar ina wuce shi ban leƙa ba, sai dai in hango mutane cikin fararen kaya sun yi cirko-cirko a rana.

Ruwan sama ne ya shigar da ni, wata Asabar da yamma. A rumfar da na fake na tarar da wani dattijo Bayerabe, dogon littafi a cinyarsa, fensir uku a aljihun gaba. Na yi sallama, ya amsa da Hausar Zazzau garau. Ashe a Sabon Garin Zariya ya tashi, mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne. Muna gaisawa idona na kan littafin nan. Kowane jifa da alamarsa: ɗigo in ba a ci komai ba, lamba in an ci maki, wata alama daban in an fitar da mai bugu.

Ya ce, "Malam, kai akawu ne ko?"

Na ce, "Baba, yaya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Kowa ya shigo nan fili yake kallo. Kai tun da ka zauna takarda kake kallo."

Kafin ruwan ya ɗauke ya nuna mini abin da ya kama ni har yau. Makin da masu bugu suka tara, in aka haɗa da na gyara da ake samu daga kuskuren abokan karawa, dole ya zo daidai da jimlar da ke can ƙasan shafi, kuma dole lissafin masu jifa ya gaskata shi. In maki ɗaya ya ɓace, mai littafi ba ya tashi sai ya nemo shi. Haka nake yi da yadi da naira kowace yamma. Da zan tafi sai ya ce in ina son ganin littafin da aka riƙe da amana, in nemi na Edgbaston. Na rubuta sunan a bayan wani rasit.

Edgbaston unguwa ce a birnin Birmingham na Ingila, kuma filin da ke can shi ne gidan ƙungiyar kurket ta gundumar Warwickshire. Asalinsa makiyaya ce a gefen rafin Rea, mallakar gidan Calthorpe, ƙungiyar ta karɓa haya. An buga wasan farko a watan Yunin 1886. Yau yana ɗaukar mutum wajen 25,000. Wasan ƙasa da ƙasa na farko ya zo a 1902, Ingila da Ostireliya, aka share baƙin gaba ɗaya a kan maki 36, mai jifan Ingila Wilfred Rhodes shi kaɗai ya fitar da bakwai da asarar maki 17. Ruwan sama ya cece su, wasan ya tashi ba wanda ya ci.

Shafin da na fi komawa kansa na Yunin 1922 ne, ranar da Hampshire suka zo baƙunta. Masu gida suka fara bugu, suka tara 223. Hampshire suka shiga, jifa 53 kacal aka yi aka gama da su, makinsu 15. Na kwafe jerin nan da hannuna don in gani da kyau. Mutum takwas ko maki ɗaya ba su samu ba. Phil Mead ya ci 6 ba a fitar da shi ba, kyaftin Lionel Tennyson ya ci 4, wani ya ci 1, sauran 4 ɗin kuwa ƙwallo ce ta kufce wa mai tsaron baya. Harry Howell ya fitar da shida da asarar maki 7, kyaftin na masu gida Freddie Calthorpe, ɗan gidan masu filin, ya fitar da huɗu da asarar 4. Duk wanda ya ga wannan shafi zai ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Da yake kowane ɓangare sau biyu yake bugu, aka tilasta wa Hampshire sake shiga nan take, da bashin maki 208 a wuyansu.

Sai ka juya shafi. George Brown ya kafe ya ci 172. Na goma a jeri, Walter Livsey, wanda a wajen fili shi ne mai yi wa Tennyson hidima, ya ci 110 ba a fitar da shi ba. Jimla 521. Yanzu masu gida ke neman 314, suka ƙare a 158. Hampshire suka yi nasara da ratar 155. Na san 'yan kasuwa biyu a Balogun da kaya suka ƙone musu ƙurmus, na ga ɗaya ya tattara ya koma gida, na ga ɗayan ya dawo da tebur guda da bandir uku na bashi, yau yana da shago biyu. Duk sanda na karanta 15 sannan 521, fuskar mutumin nan nake gani.

Baba kuwa Brian Lara, mai bugu na ƙungiyar West Indies, shi ne ya sa shi son filin. A Afrilun 1994 Lara ya ci 375 a kan Ingila a Antigua, sannan ya zo Warwickshire da zafinsa. A wasan da suka yi da Durham a watan Yuni, yana da maki 12 ƙwallo ta tarwatsa sandunan da yake karewa, abin da ke fitar da mai bugu, amma alƙali ya ce ƙafar mai jifa ta ƙetare layi, jifan bai halatta ba. Yana da 18 mai tsaron baya ya saki ƙwallon da ta faɗo masa a hannu. Ya kwana da 111 ranar Juma'a, ruwa ya cinye Asabar, ranar Litinin 6 ga wata ya ƙara 390 a yini ɗaya. Ya tashi da 501 ba a fitar da shi ba, daga jifa 427, sau 62 ƙwallonsa na kaiwa iyakar fili ta ƙasa, sau 10 tana tsallakewa ta sama. Har yau ba wanda ya kai haka a manyan wasanni.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin mutumin da Lara ya karɓe wa kambu. Hanif Mohammad na Pakistan ya ci 499 a Karachi a 1959. Ana dab da tashi yana da 498, allon fili kuma ya nuna 496. Ya yi lissafi da abin da allo ya gaya masa, ya nemi maki biyu don bugu ya dawo hannunsa, aka riga shi kaiwa, aka fitar da shi. Kuskuren maki biyu a hannun mai lissafi ya hana bawan Allah 500. Ranar da na karanta wannan sai da na sake bin littafin Alhaji na mako guda daga farko. Kuma cikin 'yan kallon Karachi akwai wani yaro Bature, Bob Woolmer, wanda shi ne kocin Warwickshire ranar da Lara ya yi nasa.

Akwai wasu shafukan da masu bin ƙwallo suka fi sani. A 1999, wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya, Ostireliya da Afirka ta Kudu suka yi kunnen doki 213 da 213, Allan Donald na Afirka ta Kudu ya rikice a gudun ƙarshe a filin da ya yi shekaru yana wa wasa, Ostireliya ta wuce. A 2005 Ingila ta doke Ostireliya da maki 2. Indiya kuwa sai a 2025 ta fara cin babban wasan kwana biyar a nan.

Maki 2 ɗin nan ya dawo mini a Janairun 2025, lokacin da 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da wannan rata a gasar duniya a Maleshiya. Na je fili Asabar ɗin da ta biyo baya, na tarar Baba ya rubuta sakamakon a bangon littafinsa da jan biro. Ya tuna mini cewa tun 1904 'yan Legas suka kara da 'yan Gold Coast, wato Ghana ta yau, don haka wasan nan ba baƙo ba ne a tsibirin nan. Ni dai burina in ga ranar da yaro zai tambayi wa ya fi kowa cin maki a filin Tafawa Balewa, a buɗe masa shafi a nuna masa suna da kwanan wata.

Na sayi littafi mai kauri irin na shago, na ja masa layuka da kaina. In Alhaji ya sallame ni da wuri ranar Asabar, sai in zauna kusa da Baba, shi da nasa ni da nawa, bayan kowane jifa shida mu gwada. Makon jiya nawa ya nuna 87, nasa 88. Muka bi ɗigo-ɗigo da bakin fensir har muka gano inda alƙali ya buɗe hannuwa alamar jifa ya yi nisa, wato makin gyara, ni kuma a lokacin ina amsa wayar wani dillali. Na goge, na gyara, Baba ya miƙo mini fensir mai tsini.