Tiyo mai inci 2 da fiton da ya hana mu barci

Gidan da muka tare tsoho ne, silin ɗinsa na filasta mai zane, ni kuwa ban yarda a fasa shi ba. Mai aikin na'urar sanyi ya hau sama ya duba, ya sauko yana kakkaɓe ƙura, ya ce manyan bututun iska da aka saba ba su da hanyar bi. Shi ya kawo shawarar tsarin ƙananan bututu mai tura iska da ƙarfi: inji ɗaya a saman silin, uwar bututu mai faɗin inci 9 ta ratsa tsawon gidan, daga jikinta kuma tiyo masu lanƙwasuwa, inci 2 kacal a ciki, suna kurɗawa tsakanin katako har su leƙo ɗakuna. Abin da ake gani a ɗaki bai wuce ɗan faifai mai rami a tsakiya ba.

Muka raba aiki. Shi zai haɗa inji da gas, ni zan ja tiyo.

Injin namu tan 3 ne a ma'aunin ƙarfin sanyaya, wato BTU 36,000 a awa (BTU ma'aunin zafin da inji ke cirewa ne). Takardarsa ta ce a ba kowane tan mafitar iska kamar shida, sha takwas ke nan. Na ƙirga ramukan da zan huda a silin ɗin da nake ta tattali, raina ya ƙi, na tsaya a sha uku. A tunanina iska ce, za ta sami hanya.

Ta samu kuwa. Daren farko gidan ya ɗauki wani siririn fito, ba mai ƙarfi ba, amma irin wanda kunne ba ya sabawa da shi. Uwargida ta juya ta ce, “Maigida, wannan abin naka busa yake ko sanyi?” Washegari ma'aikacin ya dawo ya ƙirga ramuka da yatsa, bai ce komai ba sai da ya kai ƙarshe. Bayaninsa gajere ne. Wannan tsari yana tura kusan rabin iskar da na gama-gari ke turawa, amma da matsi mai yawa, tana fita a guje. Ka rage mafita, ragowar su ɗauki kason waɗanda babu, gudun ya ƙaru, ƙarar ma haka.

Ɗakin da ke ƙarƙashin injin ya fi kowanne ihu, domin tiyonsa bai kai mita ɗaya da rabi ba. Na ɗauka gajarta alheri ce. Ashe cikin tiyon ne ke shanye ƙara, ana son ya kai kamar mita 3, ko da sai an yi masa zagaye mai faɗi a sama. Wani ɗakin kuma sanyi bai isa ba sam. Da na rarrafa da tocila, na tarar na karya tiyon a kan katako, ya matse kamar bututun ban ruwa da aka taka.

Na huda ramuka biyar ɗin da na guda. Na kuma cire mafitar da na ɗora daidai kan gado, wadda ke sokar goshi, na mai da ita kusurwa. A can ne take aikinta: iskar da ke fita da gudu tana jan ta cikin ɗaki su gauraye, shi ya sa ko lokacin da injin ke ɗumama gida zafi ba ya taruwa a sama ƙafafu na sanyi.

Abin da ban zata ba shi ne yawan ruwa. Da yake iska kaɗan ce ke ratsa sashen sanyi na injin, tana yin sanyi sosai, tana kuma zubar da danshi mai yawa. Iskar gida ta rage danshi, har tawul na bushewa da wuri a banɗaki, amma dole magudanar ruwan ta sami gangare, kuma a ajiye ƙarin tiren tare ruwa ƙarƙashin injin don kada wata rana silin ya sha. Matatar iska ɗaya ce ga gidan duka, in ta toshe ƙanƙara na iya kama injin. Na rubuta ranar duba ta da fensir a bayan murfinta.