Busa dijiridu a Garwa: tiyo, kakin zuma da numfashin mai algaita

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar lamiɗo ya ga kumatun mai algaita sun kumbura, sauti bai yanke ba, ya riga ya ga rabin sirrin dijiridu. Abin busa ne na 'yan asalin arewacin Ostireliya. Mutanen Yolngu na yankin Arnhem Land suna kiransa yidaki, a yammacin yankin kuma mago. Sunan dijiridu Turawa ne suka laƙaba masa. Na asali icen turare ne wanda gara ta cinye cikinsa tun yana tsaye.

Mai koyo ba sai ya jira wannan ba. A sayi tiyon roba na famfo mai faɗin milimita 40, a yanka santimita 118 zuwa 130. Gwargwadon tsawonsa, gwargwadon kaurin muryarsa. A goge bakin, a tausasa kakin zuma cikin ruwan ɗumi, a naɗa shi zobe, a bar rami kamar santimita 3. In ramin ya yi faɗi iska za ta zurare ta gefe, in ya matse leɓe ba zai kaɗa ba. Kada a bar shi a rana, zafin Afirilu na nan yana sa kakin ya saki. Mai na ice kuma ya kiyayi hunturu, bushewa tana tsaga shi.

Masu kakaki su ne suka fi shan wahala da farko, domin sun saba matse leɓe. Nan sakin leɓe ake so, ya riƙa karkarwa kamar na doki in ya furzar da iska. In ka ji ƙara siririya, ka matse da yawa. Numfashin kuwa da kofin ruwa da tsinken shan lemo ake koyonsa: ka tara iska a kumatu, ka matso ta waje, a daidai lokacin ka ja sabuwa ta hanci, kumfa ba ta tsaya ba. Minti 10 kullum ya isa. Jiri alamar kana jan iska fiye da kima ne.

Ba kowa ake busa wa kakaki ba, mu ma mun san wannan. Wurin Yolngu yidaki rakiya yake yi wa mawaƙi da sandunan kiɗa, kuma a bukukuwansu maza ke busa shi. Zanen jikinsa mallakar dangi ne, don haka kada ka kwafo shi daga intanet ka shafa wa tiyonka, kada kuma ka kira tiyon yidaki. A 2019 kotun tarayyar Ostireliya ta ci wani kamfani tarar dalar ƙasar miliyan 2.3 saboda sayar da kayan da aka ƙera a Indunusiya da sunan aikin 'yan asali. In za ka sayi na gaske, nemi sunan maƙerin da danginsa. Mai son jin yadda 'yan asali ke busawa ya nemi busar marigayi Djalu Gurruwiwi na dangin Galpu, wanda ya rasu a 2022.