Jerin sunayen da Janar ya rubuta mana a Lofa

Na yi aiki a gundumar Lofa da ke arewacin Laberiya bayan yaƙi, ƙarƙashin wata ƙungiyar agaji da ke samar wa tsoffin mayaƙa da 'yan gudun hijirar da suka dawo gida abin yi. Shekaru sun ja, amma har yau akwai abin da in na tuna sai raina ya ɓaci: wasu takardu da aka yago daga littafin rubutun 'yan makaranta, cike da sunaye, duk hannu ɗaya ne ya rubuta su. Da su muka ɗauki mutane aiki, kuma su suka raba mu da amincewar gari guda na tsawon watanni. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, har da sojojin kiyaye zaman lafiya da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Lokacin da muka shiga, farin jinin sojojin waje yana kan ganiyarsa. Mutane ba su manta ranar 4 ga Agustan 2003 ba, da dakarun Najeriya na ECOWAS suka sauka ƙasar, aka tarbe su da rawa da kuka. Mako guda bayan haka shugaban ƙasar, Charles Taylor, ya tashi zuwa Najeriya, aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Accra ranar 18 ga watan, sannan a farkon Oktoba Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi ragama da rundunar da aka yarje mata sojoji 15,000. Mutanen da suka yi shekara 14 suna gudun duk mai riƙe da bindiga sun fara ɗaga wa mai shuɗiyar hula, wato sojan Majalisar Ɗinkin Duniya, hannu a bakin hanya. Albarkacin wannan muke ci. Ba mu muka tara shi ba, kuma ba mu san yadda yake saurin zubewa ba.

Kwance ɗamarar mayaƙa ya riga ya nuna wa mai ido inda ramin yake. An fara a Disamban 2003 a sansanin Schieffelin kusa da Monrovia, abin ya rikice, aka dakatar, aka koma a Afrilun 2004. Duk wanda ya shiga shirin zai samu dala 300 kashi biyu da katin shaida, kuma harsashi 150 ya isa mutum ya shiga ko ba bindiga. An ƙiyasta mayaƙa kusan 38,000. Waɗanda suka yi rajista sun haura 100,000, bindigogin da aka tara kuwa ba su kai 30,000 ba. Kwamandoji ne ke riƙe da makamai da harsasai, saboda haka su ke zaɓen wanda zai je ya miƙa. Wani ya ƙwace bindigar yaron da ya yi masa yaƙi ya ba ƙanensa, wani ya raba harsashi kashi-kashi ya sayar. Duk mun san wannan. Ana hirarsa a ofis kullum.

Duk da haka, a farkon 2005 sai ga mu mun faɗa ramin da muke nuna wa wasu. Aikinmu mai sauƙi ne: sare daji a gefen hanya, share magudanan ruwa, gyara ƙananan gadojin katako, a biya kowa ladan yini. Damina a Lofa tana kankama wajen watan Mayu, kuma in ta kankama hanyar Zorzor zuwa Voinjama takan zama taɓon da ke riƙe babbar mota kwana da kwanaki. Masu ba da kuɗi kuma sun sa wa'adi. Shugaban aikin ya yanke cewa babu lokacin bi gida-gida. A garin da aka tura ni akwai wani tsohon kwamanda da yaransa ke kira Janar, kamar yadda ɗaruruwa suka laƙaba wa kansu a yaƙin. Ya ajiye kaki, yana magana a hankali, ya fi kowa zuwa taro da wuri. Aka ce shi ya san yaran, shi zai iya riƙe su, ya kawo sunaye. Washegari ya kawo. Saurin da ya yi ma aka yaba masa.

Ranar biyan farko ita ce ta kashe mu. Tun da tsabar kuɗi muka ɗauko, mun nemi rakiyar sojoji. Ga yadda filin makarantar yake a ranar: teburinmu a tsakiya, sojoji masu shuɗiyar hula a tsaye hagu da dama, sai wata kujerar roba a gefen teburin, Janar a kai, yana gyaɗa kai duk sunan da aka kira. Wani daga cikinmu ne ya ba shi kujerar don girmamawa. Wanda ya karɓi kuɗinsa kuwa ba gida yake nufa ba. Sai ya zagaya bayan wani shago da ya ƙone, inda wani yaron Janar ke zaune, ya cire kaso ya ba shi. Mu da ke bayan tebur ba mu ga wannan ba sai can daga baya. Mutanen gari sun gani tun ranar farko, kuma sun karanta abin da idonsu ya nuna musu: masu farar mota da masu shuɗiyar hula duk na Janar ne.

Mutumin ƙauye ba ya karanta tambarin da ke jikin mota. Bai raba ƙungiyar agaji da Majalisar Ɗinkin Duniya ba, bai raba bataliyar wannan ƙasa da ta waccan ba. A wurinsa duk baƙi ne da suka zo tare, laifin ɗaya na kowa ne. Tarukanmu suka fara watsewa, sai yaran Janar kaɗai ke cika benci. Hafsan da ke kula da sintiri a yankin ya zo da kansa yana tambayarmu me ya faru, domin matan da a da ke raɗa musu inda aka binne makamai duk sun yi shiru, yara ma sun daina bin motarsu da gudu. Mafi muni, waɗanda suka dawo daga sansanonin 'yan gudun hijira na Gini suka fara aika wa 'yan uwansu saƙo cewa kada su taho tukuna, garin bai canza hannu ba. A Lofa wannan ba ƙaramar magana ba ce, saboda yaƙin ya bar gaba mai zurfi tsakanin ƙabilun Loma da Mandingo, kuma sunayen da ke cikin takardun nan kusan duk daga ɓangare ɗaya suke.

Wanda ya buɗe mini ido limamin garin ne, dattijo, ɗan ƙabilar Janar ɗin kansa. Bayan sallar la'asar ya riƙe hannuna har sai da kowa ya fita.

"Ɗana, wa ya rubuta muku sunayen nan?"

Na ce, "Baba, Janar ne."

Ya ce, "Wanda ya sa aka ƙone gari shi zai zaɓi mai cin ladan gyara shi? To wa zai kawo muku ƙara, alhali yana zaune a gefenku?"

Shi ya turo mini wata matashiya, ta zo da magariba ta ƙofar baya. An kama ta tana yarinya, ta yi dakon harsashi, daga baya aka ba ta bindiga. Ta janye wuyan rigarta ta nuna mini tabon da igiyar akwatin harsashi ta bar mata a kafaɗa, baƙi, mai kauri. Kafin a buɗe sansanin miƙa makamai Janar ya karɓe bindigarta ya ba ɗan wansa. A ƙa'idar shirin, mace da yaro suna iya shiga ko ba makami, kuma mata sama da 22,000 sun shiga ta wannan hanya ko da makamansu. Ita ba wanda ya gaya mata, domin labarin shirin ma ta bakin kwamandoji yake isa daji. Ba ta da kati, ba ta samu dala 300 ba, ba ta cikin masu koyon sana'a, yanzu kuma ba ta cikin jerinmu. Sau biyu mutum ɗaya ya share sunanta, na biyun da hatiminmu. Kafin ta ce komai, abin da ta fara tambaya shi ne in ta yi magana wa zai ji.

Warware abin ya fi ƙulla shi wuya nesa ba kusa ba. Da muka sanar cewa an soke jerin, yaran Janar suka tare gada suka hana motarmu wucewa. Nan ne na ga amfanin soja mai hankali. Hafsan bai zo da ihu ba. Ya sauke mutanensa daga mota suka koma sintiri da ƙafa a kasuwa, safe da yamma, ya kuma kira Janar gaban dattawa ya gaya masa cewa duk abin da ya sami ma'aikaci ko mai ba da shaida, shi za a fara tambaya. Mu kuma muka fara daga tushe. Shugaban gari, ƙungiyar mata, coci, masallaci da matasa, kowa ya kawo nasa sunaye. Aka karanta su da ƙarfi ranar kasuwa, aka manna su a bangon makaranta, aka ba duk mai ƙorafi damar ya faɗa a asirce. Rabin gurabe aka ware wa waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba, don kada aikin ya zama tukuicin yaƙi. Aka daina biya a fili guda rana guda, kuma ba a sake ajiye wa kowa kujera ba.

Kafin mu gama damina ta sauka. Wani sashe na hanyar bai gyaru ba, wani kaso na kuɗin ya koma hannun masu shi. Lokacin da aka ce babu, wanda saboda shi aka karɓi takardun Janar, mun biya shi ninki-ba-ninki. Abin da ke ci mini rai ke nan har gobe.

Su sojojin, abin da ya dawo musu da mutane ƙaramin abu ne a ido: dawowa da amsa. Aka kai wa hafsan ƙarar masu karɓar kuɗi a bakin gada. Ya dawo ranar kasuwa, a gaban jama'a, ya faɗi abin da ya yi, ya kuma faɗi abin da ba zai iya ba: ba shi da hurumin yanke wa kowa hukunci, wannan aikin 'yan sanda da kotu ne, su kuwa ba su gama tsayawa da ƙafarsu a gundumar ba. Na zaci wannan zai rage masa ƙima. Bayan 'yan kwanaki wata tsohuwa ta kai su inda aka binne akwatunan harsashi a bayan gona. Mutanen da aka daɗe ana yi wa ƙarya suna gane mai faɗin iyakar ƙarfinsa.

Da aka fara ɗaukar sabbin sojojin Laberiya a 2006, bayan an rushe tsohuwar rundunar baki ɗaya da tallafin Amurka, sai na ga an yi abin da ya kamata mu yi tun farko. Rundunar ƙarama ce, mutum 2,000, amma an buga hotunan masu neman shiga a jaridu, an manna su a garuruwa, an ce duk wanda ya san wani da ta'asa ya faɗa ba tare da an bayyana shi ba. Jama'a aka tambaya, ba kwamandoji ba. Manjo Janar Suraj Abdurrahman na Najeriya ne ya jagoranci rundunar daga 2007 har 2014, lokacin da aka miƙa ta ga ɗan ƙasa, kuma a 2013 Laberiya ta fara tura nata sojojin aikin kiyaye zaman lafiya a Mali. Amma a Agustan 2014, lokacin killace unguwar West Point da ke Monrovia saboda cutar Ebola, sojojin sabuwar rundunar suka buɗe wuta, wani yaro ɗan shekara 15 ya rasu. Da na ji labarin, filin makarantar nan ne ya faɗo mini a rai. Yini guda ya isa a zubar da amanar jama'a.

Ga wanda zai shiga irin wannan aiki, a ko'ina ne, shawarata ba ta da yawa. Tsohon kwamanda a yi magana da shi, dole ne, domin in aka ware shi zai iya rusa komai. Amma kada a ba shi alƙalami. Kada ya zama shi ne ƙofar da suna, ko labari, ko kuɗi zai bi. Kafin a gayyaci soja ya tsaya gadin wani abu, a fita waje a tsaya inda talaka zai tsaya, a duba wa ke zaune kusa da wa, saboda mutuncin sojan nan ake jinginarwa. A nemi mata daban, ta bakin mata, a inda ba namiji mai tarihi. In kuma mai ba da kuɗi ya ce lokaci ya ƙure, a rubuta masa dalla-dalla abin da gaggawar za ta ci, a nemi ƙarin wa'adi ko a rage girman aikin. Da mun gyara rabin hanya da sunayen gaskiya, da ba mu yi asarar wata damina da amanar gari ba.

Matashiyar ta samu gurbi a jeri na biyu, ta yi aikin har ya ƙare. Katin tsoffin mayaƙa kuwa ba ta taɓa samu ba, domin an rufe rajista tun ƙarshen 2004. Na rubuta wasiƙu a kan batunta da na wasu mata irinta, amsar ba ta canza ba: sai mai kati. An rufe shirin tsoffin mayaƙan gaba ɗaya a Yulin 2009, ɗan wan Janar yana cikin waɗanda suka koyi sana'a da bindigarta.