Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kalmar da Lauya Ya Faɗa a Gaban Majistare

A makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni aikin tafinta a wata kotun majistare, ina juya Turancin lauyoyi zuwa Hausa domin mutanen da shari'a ta shafa. Ƙarar da ta fi zauna mini a rai a wancan zamani ita ce ta wani direban babbar mota da ya buge yaro a bakin kasuwa, yaron kuma ya cika kafin a kai shi asibiti. Direban bai musa ba. Da lauyansa ya miƙe yana roƙon sassauci, sai ya ce mutumin nasa yana neman damar da zai yi "atone", ni kuma na juya wajen mahaifin mamacin, wani dattijo mai farar rawani da ke riƙe da carbi, na ce masa, "Baba, yana neman hanyar wanke laifinsa ne." Dattijon ya dube ni ya ce, "Yaro, diyya yake nufi ko kaffara?"

Tambayar tana kan hanya, domin aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta raba hukuncin kisan kuskure gida biyu: diyya ga dangin mamaci, sai fa idan sun yafe, da kuma kaffara, wato 'yanta bawa mumini, ko azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu ba. A mazhabar Malikiyya diyyar raƙuma 100 ce ko dinari 1,000. Kundin Final Kod na Arewa kuwa, wato dokokin hukunta laifuka, wanda ya fara aiki a 1960, abin da sashensa na 78 ya tanada shi ne "compensation", wato kuɗin da kotu za ta sa mai laifi ya biya wanda ya cuta. Kalmar lauya ta fi wannan faɗi.

Da na koma gida na bi ta a ƙamus, sai na tarar cewa "atonement" (wato aikin yin "atone") ta fito ne daga "at one", ma'ana mutum biyu da suka ɓata su koma tsintsiya ɗaya. Ta bazu a Ingila a ƙarni na 16, William Tyndale kuma ya yi amfani da ita a fassarar Sabon Alkawari da ya fitar a 1526. Da ita Turawa suke kiran babbar ranar azumin Yahudawa, Yom Kippur, kuma masana harshe suna danganta "kippur" da tushen da ya haifi kaffara a Larabci. Ana bin aikatau ɗin "atone" da "for", sannan a ambaci laifin, ba a kuma faɗarsa a kan bashin kasuwa ko kuɗin haya. Abin da ya fi burge ni shi ne mai laifi ne kaɗai ke yinsa, don raɗin kansa. Alƙali yana iya tilasta biyan kuɗi, amma ba shi da ikon tilasta wannan.

Bayan an yanke hukunci, direban ya je zauren dattijon tare da kawunsa da limamin unguwa, aka neme ni don in taya su magana, kasancewar Hausar direban ba ta nuna ba. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a gefen tabarma, hawaye suka hana shi ƙarasa abin da ya shirya faɗa. Dattijon ya ce ya yafe diyya, ko kwabo ba zai karɓa ba, amma azumin ba nasa ba ne balle ya yafe. Liman ya yi wa direban bayanin cewa idan ya sha ko da rana ɗaya ba tare da uzuri ba, sai ya faro daga farko, ya kuma ba shi shawarar ya soma da tsayuwar watan da ke tafe.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin yadda aka mayar da ni babbar kotu.