Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Aka Hana Ni Cewa "Buga"

A makon jiya na tsaya ne a inda uwargida ta sa hannu a takardar shigar da autanmu ƙungiyar besbol ta yaran unguwa, ba tare da ta nemi shawarata ba. Wannan a bazarar 2022 ke nan, yaron yana da shekara 9. Ni kuwa a lokacin na haura shekara 10 ina tuƙa tasi a Bironks, wani yanki na birnin New York, na sauke fasinja a ƙofar filin Yankees, babbar ƙungiyar besbol ta birnin, sau ba adadi, amma ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan iya faɗin abin da ake yi a ciki ba. Abin da na sani kawai shi ne ranar wasa titin 161 ya cushe, kasuwa ta buɗe.

Kuskuren farko nawa ne. Na shiga wani shago na zaɓo kulkin da ya fi kowanne tsawo da nauyi, a tunanina yaro zai girma da shi, kamar yadda ake ɗinka wa yara kayan sallah da ragowa. Kocin ya juya shi ya duba, ya ce ba za a bar yaron ya shiga fili da shi ba. Tun 2018 duk kulkin ƙarfe da za a yi wasa da shi a gasar Little League ta masu wannan shekaru sai yana ɗauke da tambarin USA Baseball, hukumar besbol ta Amurka. Sannan ya sa yaron ya miƙe hannu ɗaya da kulkin. Kafin a ƙirga goma hannun ya fara rawa ya sauka. Ya ce kulkin da yaro ba zai iya riƙewa haka na ɗan lokaci ba, shi zai riƙa juya yaron.

Wasan farko ranar Asabar aka yi shi, a filayen da aka shimfiɗa a gurbin tsohon filin Yankees, wanda aka buɗe a 1923 aka daina wasa a cikinsa a 2008. Da layi ya zo kan ɗana, ya sa hular kwano, ya shiga ɗan akwatin da aka zana da farar ƙasa. Ni ina bayan shingen waya. Mai jifa ya sako ƙwallo can sama da kansa, na ce, "Buga!" Ya kai mata sara ya sami iska. Ta biyu ta daki ƙasa tun kafin ta iso, na ce, "Buga mana!" Ya sake. Ta uku ma haka. Alƙalin wasa ya dunƙule hannu, yaro ya ja kulkinsa ya koma benci. Sau biyu aka yi haka a ranar. A mota bai ce mini uffan ba, yana ta share ido da hannun riga.

Akwai wani dattijo ɗan Jamhuriyar Dominika da ke kula da gidan da muke haya, shi ke gyaran famfo da fitar da shara. Ashe yana wurin, jikansa yana ɗaya ƙungiyar. Da yamma ya tare ni a bakin matakala, da Turancinsa mai gargada irin nawa, ya ce, "Kai ka fitar da yaronka yau, mai jifa bai yi komai ba."

Na ce, "Baba, ba bugawa aka je yi ba?"

Sai ya ɗauko alli ya zana mini a simintin tsakar gida. Akwai wani farin faranti a ƙasa gaban mai bugu, faɗinsa inci 17. Aikin mai jifa ne ya ratsa da ƙwallo ta saman farantin nan, tsakanin gwiwar yaro da hammatarsa. In ta bi ta nan yaro bai kai mata bugu ba, an rubuta masa sitiraik ɗaya. In ya kai bugu ya kuskure, ko ta ina ta bi, sitiraik ne. Uku, ya fita. Amma in ta kauce wa wannan taga shi kuma ya kame hannunsa, laifin na mai jifa ne, ana ce da ita bol, kuma in suka cika huɗu yaro zai ajiye kulki ya taka zuwa zangon farko, cikin zangunan da ake zagayawa a ci maki, a kyauta. Duka shidan da na sa ɗana ya kai wa sara, in ji dattijon, babu ko ɗaya da ta bi ta taga. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Akwai kuma fawul, wato ka taɓa ƙwallon amma ta fita bayan layukan gefe. Ana ƙirga ta a sitiraik har zuwa na biyu, daga nan kuma ko sau goma ka yi ba za ta zama ta uku ba, sai dai in an cafe ta a sama, ko kuma ka tara kulkin ne kawai don ta gangara. Wannan dokar ta fi kowacce burge ni, don tana ba wanda aka matsa wa damar ya yi ta kare kansa har mai jifa ya gaji. Sauran ya faɗe su a gurguje: ƙwallo ta same ka a jiki, ka tafi zangon farko, ka bugi ƙwallo ƙafarka ɗaya tana waje da akwati gaba ɗaya, ka fita, ba a tsallake layin masu bugu, kuma kada ka kuskura ka yi wurgi da kulki bayan ka buga.

Washegari ya fito da sandar tsintsiya da murafen manyan gorunan ruwa cike da leda. Ya ce da wannan suka tashi a ƙasarsu, sunan wasan bitiya. Murfin yana tafe yana lilo kamar jemage, sandar kuma siririya, wanda duk ya saba samunsa ƙwallo za ta zame masa kabewa. Ya gyara wa yaron tsayuwa: ƙafafu a ware sun ɗan fi faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a kan tafin ƙafa ta gaba-gaba. Hannu biyu a manne da juna, na dama a sama tunda ba bahago ba ne, gaɓoɓin yatsun da ake ƙwanƙwasa ƙofa da su a jere. Ya ce a riƙe da yatsu, kada a shaƙe. Ɗan taku kaɗan da ƙafar gaba, ƙugu ya fara juyawa, hannu ya biyo baya, kai kuwa ko motsi. Haɓa ta fara a kafaɗar gaba ta ƙare a ta baya, ido yana kan wurin da sanda ta haɗu da murfi.

Da ya zo kan ƙugu sai na gane, don na sha kallon dambe a Kano ina saurayi, kuma kowa ya san naushin da ke kayar da mutum daga ƙafa yake tasowa. Na karɓi sandar in nuna wa yaro. Na ɗaga ta sama na sauke da ƙarfi, murfin ya wuce abinsa. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce faskaren itace nake yi. Sau 20 ya jefo mini, biyu na taɓa. Garaje ba ƙarfi ba ne. Ɗana ya samu biyar, kuma ranar ce ya fara yi mini magana tun Asabar: "Abba, kana rufe ido."

Abin da ya kwantar wa yaron hankali lissafi ne. Dattijon ya gaya masa cewa a babbar gasa, inda mai jifa yake nesa da ƙafa 60 da inci 6 kuma ƙwallo ke isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, wanda ya dace sau 3 cikin 10 gwani ne. Ted Williams na Boston ya kai maki .406 a 1941, kuma tun daga shi ba a sake samun wanda ya gama kaka da 4 cikin 10 ba. Su yara ƙafa 46 ce tsakaninsu da mai jifa, kuma masu jifansu yara ne 'yan'uwansu, rabin abin da suke sakowa shirme ne. A kakar 2022 ɗin ce Aaron Judge na Yankees ya buga hom ron, wato bugun da ke tsallake katanga, har 62, ya karya tarihin 61 da Roger Maris ya kafa a 1961, duk yaran unguwa shi suke kwaikwayo, kowa na son ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga. Dattijon ya hana ɗana. Ya sayo masa turken roba da ake ɗora ƙwallo a kai, kullum bayan la'asar bugu 30 cikin raga, a miƙe, ba sama ba.

Asabar ta uku uwargida ta biyo mu. Tun a gida an kafa mini sharaɗi, bakina alaikum. Jifa ta farko ta yi sama, ya ƙyale. Ta biyu ta ratsa tsakiya yana kallo, sitiraik. Na ciji leɓe. Ta uku a ƙasa, ta huɗu ya kai ya kuskure, ta biyar ta kusa taɓa masa gwiwa ya ja baya. Bol uku, sitiraik biyu. Ta shida ya taɓa ta, ta yi baya ta daki wayar shingen da nake riƙe da ita. Ta bakwai ma fawul. Mai jifan ya share gumi, ya kalli kocinsa, ya sako ta takwas can gefe. Ɗana ya bi ta da ido har cikin safar mai cafewa, ya sunkuya ya ajiye kulkinsa a hankali, ya ruga zangon farko. Bencinsu ya kaure da tafi.

Uwargida ta taɓo ni ta ce, "Abban yara, ai ban ga ya buga ba, me ake tafa wa?"

Ban samu na ba ta amsa ba, don a daidai lokacin na hango yaron ya saki zangon ya fara sanɗa zuwa na biyu tun mai jifa bai saki ƙwallo ba, irin yadda ya ga manya suna yi a talabijin, alƙali kuma ya zaro jan ƙyalle daga aljihu. Dattijon bai kai ga koya mana dokokin gudu ba. Abin da ya biyo baya sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.