Farin garin da muke dafawa a cikin harshen wuta

Kamfaninmu ƙarami ne, abin da muke sayarwa kuma gari ne fari fat, mafi yawa titaniyam oksaid, wato haɗin ƙarfen titaniyam da oksijin. Ƙwayoyinsa kan kama daga nanomita 10 zuwa 50, nanomita kuwa ita ce mita ɗaya a kasa ta gida biliyan. Masu sayensa su ne ɗakunan bincike, da masu ƙera na'urorin gano iskar gas, da masu gwajin tsabtace ruwa da haske.

Wajen yin garin, muna narka sinadarin titaniyam a cikin ruwa mai cin wuta, etanol ko zailin, famfon sirinji ya tura shi ta wani siririn bututu, iskar oksijin ta tarwatsa shi ya zama feshi. 'Yan ƙananan wutar gas da ke kewaye da bakin bututun su kunna feshin. Zafin tsakiyar wutar ya haura digiri 2000 a ma'aunin Selsiyas. Ɗigon ya ƙafe ya ƙone, ƙwayoyi su tsiro, su yi ta karo da juna suna mannewa, kafin ƙiftawar ido an gama. A sama akwai matata ta zaren gilashi, injin yana zuƙar iska ta cikinta, garin ya taru a jikinta mu kankare. Dabarar ta daɗe: tun 1942 Harry Kloepfer na kamfanin Degussa a Jamus ya samar da garin silika, sinadarin da ke cikin yashi, a cikin wuta, salon feshin nan kuma ɗakin binciken Sotiris Pratsinis na jami'ar fasaha ta ETH da ke Zurik ne ya kyautata shi a farkon shekarun 2000.

Samun garin ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda atom, wato ƙananan tubalan da suka gina sinadarin, suka jeru a cikin kowace ƙwaya. Titaniyam oksaid yana fitowa da siffar anatas ko ta rutil. Sinadari ɗaya ne, fari ɗaya, ka zuba su a kwalba biyu ko ni ba zan bambance ba. Amma anatas ya fi aiki wajen ruguza datti idan haske ya taɓa shi, rutil kuma ya fi karkatar da haske, shi ya sa masu fenti suka fi son sa. Sanannen garin nan P25, wanda kowa ke auna nasa da shi, gauraye ne, kusan kashi 80 cikin ɗari anatas, sauran rutil. Mai saye da ya san abin da yake yi, tambayarsa ta farko ita ce kashi nawa ne anatas.

Linzamin rabon anatas da rutil yana hannun oksijin. Wutar da ta ƙoshi da shi takan ba da anatas. A rage mata, rutil ya ƙaru. Yawanci muna farawa da mililita 5 na ruwa da lita 5 na oksijin a minti ɗaya, daga nan mu yi ta gyara. Idan aka bar wutar a buɗe tana jan iskar ɗaki yadda ta ga dama, don haka in muna son rutil mai yawa sai mu kife ta da bututun kwaz, wani gilashi mai jure zafi, mu ƙayyade iskar da ke shiga. Ɗan alminiyam a cikin ruwan yana tura garin zuwa rutil, silikon kuwa yana hana shi. A ganina wannan hanyar ƙarin sinadari ta ƙarshe ce, domin ba kowane mai saye ke yarda da baƙon sinadari a kayansa ba.

Matatar ma tana magana. In garin ya fito da ɗan shuɗi ko ruwan toka, oksijin ya yi ƙaranci. Sinadarin titaniyam ɗin kuma ba ya shiri da danshi ko kaɗan, da ya shaƙi laimar iska sai ya daskare a bakin bututun, wutar ta karkace. Hukuncin ƙarshe dai na na'urar eksre ce, mai haska garin ta zana jerin atom ɗinsa: a zanen, layin anatas yana ɗaga kai a kusurwar digiri 25.3, na rutil a 27.4, daga tsayin biyun muke lissafa rabon.

Wahalar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ita ce mai sayen da ya gwada giram kaɗan, ya ji daɗi, ya dawo yana neman kilo. Ƙara ruwan feshi yana tsawaita wutar, ƙwayoyin su daɗe cikin zafi su yi girma, rabon anatas da rutil ya sauya. Dole a sake daidaita oksijin da ƙarfin feshi daga tushe, kuma ba ma ɗaure kaya sai kowane zubi ya bi ta eksre.