Abin da na koya daga Asherson, da rahoton da aka hana ni rubutawa

Ƙarshen watan nan zan bar sashenmu, in koma karatu a fannin cututtukan gaɓoɓi da garkuwar jiki. Abokan aiki a nan Katsina sun sha tambayata me ya kai ni fannin da likitocinsa ba su da yawa a ƙasar nan, marasa lafiya ma ba su san da shi ba. Abin da ya kai ni wata mai jego ce da aka kawo mana daga wajen Mashi, wadda nake zaton tana da mummunan ciwon daskarewar jini da ake kira da sunan likita Asherson, da kuma yadda babbanmu ya yi da ni a kanta.

An kawo ta 'yan kwanaki bayan haihuwa, ɗan bai zo da rai ba. Ƙafar hagu ta kumbura suntum, numfashi sama-sama. Kafin mako ya zagayo fitsari ya ɗauke, yatsun ƙafa biyu sun yi baƙi ƙirin, ta fara sambatu. A folda an rubuta abin da muka saba: ƙwayoyin cuta sun shiga jini, wataƙila da ciwon zuciyar masu jego, wanda kowa ya san yawansa a ƙasar Hausa. Da na zauna da mahaifiyarta a baranda na ce, "Iya, wannan ne cikinta na fari?" sai ta ƙirga mini da yatsu: ɓari uku a jere, sannan wani ciki da ya kai wata bakwai ta yi jijjiga ya lalace. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an ce iska ce. Ta kwance bakin zani ta ciro wani tsohon katin awo da ya sha ninki. A jikinsa gwajin tunjere ya nuna akwai, an yi mata allurai, aka gwada mijin ba a ga komai ba. Ta ce, "Likita, auren nan da ƙyar ya tsaya. 'Yata ba ta taɓa bin hanyar banza ba."

Na yarda da ita, domin akwai cutar da ke sa wannan gwajin ya yi ƙarya. A 1983 Graham Hughes, a Landan, ya bayyana ciwon da garkuwar jiki ke ƙera sinadaran antifosfolifid, su sa jini ya riƙa daskarewa cikin jijiya, ciki ya riƙa zubewa. Ronald Asherson, likita ɗan Afirka ta Kudu da ya yi aiki tare da shi, ya lura cewa a cikin masu ciwon akwai 'yan kaɗan, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, da abin ke zo musu gaba ɗaya: ƙananan jijiyoyin ƙoda, huhu, ƙwaƙwalwa da fata su toshe cikin ƙasa da mako. A 1992 ya rubuta shi a matsayin nau'i mai zaman kansa, har yau wasu da sunansa suke kiran sa. Zazzaɓin ƙwayoyin cuta, tiyata, haihuwa da daina shan maganin tsinka jini su ne suka fi tayar da shi.

Washegari a zagayen safe na faɗi haka, da ladabi, folda a hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko za mu aika jini Kano a duba, kafin nan mu tattauna batun hefarin da sitiroyid?" Hefarin allurar tsinka jini ce, sitiroyid kuma yana kwantar da garkuwar jiki. Bai dube ni ba, ɗalibai ya juya ya kalla. Ya ɗaga takardar lab ya ce ga jini ya ƙi daskarewa a kwalba, filatilet (ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini) sun yi ƙasa, amma Dokta tana so ta ba mai jego maganin tsinka jini don ta karanta cutar Turawa a intanet. Aka yi dariya, har da masinja. Ya ce in bar kwashe-kwashe in je in koyi maganin maleriya.

Tsoron zubar jini a jikin mai jego tsoro ne na gaskiya, kuma da ya zaunar da ni ya kawo hujja da na saurara. Sai dai abin da ya ɗaga yana dariya yana daga cikin alamomin cutar: ɗaya daga cikin sinadaran nan yana jinkirta daskarewar jini a kwalbar gwaji, a cikin jiki kuwa gudaji yake haddasawa. Ba mu da na'urar sauya ruwan jini, wadda ita ma ake maganin cutar da ita, gaskiya ne, amma hefarin da sitiroyid suna nan a famasi. Ko tattaunawar ba a yi ba.

Yayanta ya sayar da tumaki muka aika jinin. Ta rasu kafin sakamako ya dawo, aka yi mata sutura a ranar. Da takardar ta iso, antikadiyolifin, ɗaya daga cikin sinadaran nan na antifosfolifid, ya hau sosai. Na kai masa ofis, na roƙi izinin rubuta rahoto. Ya ce gwaji ɗaya ba hujja ba ne, ƙa'ida sai an maimaita bayan mako 12. Haka ƙa'idar tantance ciwon ta Sidni ta 2006 ta ce, ban musa ba. Amma Asherson da abokansa, da suka tsara ƙa'idojin wannan nau'in a taron garin Taormina na ƙasar Italiya a 2002, sun ware gurbin "mai yiwuwa" saboda sun san wasu ba za su kai ranar maimaita gwaji ba. Ya ce sashensa ba zai fitar da takardar da za ta nuna an yi sakaci ba. A rahotona na ƙarshen shekara ya rubuta cewa ina da gardama. Wannan layin yana cikin fayil ɗina har gobe, kuma ban manta ba.

Hana rubutun ya fi dariyar ci mini rai, domin aikin Asherson kansa da irin waɗannan rahotannin aka gina shi. Cuta ce da likita zai iya gama aikinsa bai gan ta sau biyu ba, don haka ya bi rahotannin da likitoci suka warwatsa a mujallu yana tattarawa: mutum 50 a 1998, wasu 80 a 2001. A 2000 aka buɗe rajistar duniya ta cutar, wadda Ricard Cervera ke kula da ita a Basalona, ta kai ga nazarin mutum 500 a 2016. Daga nan aka gane amfanin haɗa hefarin, sitiroyid da sauya ruwan jini ko ƙarin sinadaran garkuwa. A farko kusan rabi ke mutuwa, daga baya abin ya sauko zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. Asherson ya rasu a 2008, rajistar tana ci gaba da karɓar rahoto daga ko'ina. Duk wanda ya ce babu cutar a Katsina, a tambaye shi mutum nawa ya gwada.

Bayan haka na daina neman izinin yin tambaya. Duk macen da ta zo da kumburin ƙafa ɗaya ko shanyewar ɓarin jiki tana ƙuruciya, sai na tambayi tarihin cikinta. Wata daga Daura da ta yi ɓari huɗu, gwaji biyu suka tabbatar tana da ciwon antifosfolifid, muka haɗa kai da likitocin mata aka ɗora ta kan asfirin ƙarami da allurar hefarin. An yi suna, ta aiko mini da dakkwa da hoton yarinyar.

Abokan aiki, sauran darussan gajeru ne. Ku rubuta ra'ayinku a folda da kwanan wata da sa hannu, ko an yi muku dariya. Shatin raga da littattafai ke nunawa a fata a matsayin alamar ciwon ba ya fitowa sosai a jikin baƙar fata, ku duba cinya da hasken rana. Ku girmama sistocin dare, su ke fara ganin fitsari ya ragu. Wafarin, ƙwayar tsinka jini, ba na mai ciki ba ne.

Masu zuwa asibitin rana a kan wafarin kuwa, na bar sunayensu a littafin da ke hannun Metiron. In ɗaya ta ce kuɗin magani ya ƙare, ko za ta huta da shi sai bayan azumi, kada ku sallame ta a haka. Ku kira mijin ko yayanta ku yi musu bayani a ranar, domin dainawa kwatsam tana cikin abubuwan da ke tayar da mummunan nau'in.